Falon Baya, Falon Gaba ko Ɗakin Tsakiya: Zaɓen Tsarin Gidan Tirela don Dogon Zama a Hanyoyin Amurka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin manyan motoci ya kalli direba yana ja da baya da kan tirela, har farantin ƙarfen da ke bayan kan ya cafke turken da ke ƙarƙashin bodi, to ya riga ya san asalin abin da Amurkawa suke kira fifth wheel, wato taya ta biyar. Sunan ya samo asali tun zamanin keken doki, lokacin da ake shimfiɗa wani zoben ƙarfe a saman aksul na gaba domin keken ya iya karya kwana, amma a yau, a kasuwar Amurka da Kanada, ana nufin gida ne sukutum mai taya, wanda goshinsa yake hawa kan bodin babbar a-kori-kura, a ɗaure shi da irin wancan faranti da turke. Da yake mahaɗin yana zaune daidai saman tayoyin baya na motar, irin wannan gida ba ya yawan kaɗa wutsiya a kan titi kamar tirelar da ake ja da ƙugiya daga bamba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa masu niyyar barin gidan ƙasa su zauna a hanya shekara da shekaru suka fi karkata gare shi.

Daga wannan siffa ne duk muhawarar tsarin ɗakuna ta taso. Goshin da ya hau kan mota ya zama bene, ana hawansa da matakala uku ko huɗu, a ƙarƙashinsa akwai babban sito da ake buɗewa daga waje ta gefe biyu, sauran jikin gidan kuma yana ƙasa. Faɗin gidan idan yana tafiya ba ya wuce ƙafa 8 da rabi, kimanin mita 2.6, domin iyakar abin da doka ta yarda da shi ke nan a manyan hanyoyi, saboda haka masu ƙerawa suka ɓullo da sassan bango masu fitowa waje kamar aljihun tebur idan an sauka, su koma ciki idan za a tashi. A nan zan riƙa kiran su aljihu. Ko da an buɗe aljihu huɗu ko biyar, filin cikin gida mafi girma da wuya ya wuce murabba'in ƙafa 400 da 'yan kai, wato kusan murabba'in mita 40, kuma a cikin wannan ɗan fili za a raba falo da kicin da ɗakin kwana da banɗaki. Duk abin da aka ƙara wa ɗaya daga cikinsu, daga rabon wani aka yanko shi.

Mafi yawan waɗannan gidaje ana ƙera su ne a arewacin jihar Indiyana, a garin Elkhart da kewayensa, kuma kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar: Thor Industries mai Keystone da Jayco, da Forest River wanda Berkshire Hathaway ya saya a 2005, da Winnebago wanda ya sayi Grand Design a 2016. Wanda ya je baje kolin Tampa a Florida cikin watan Janairu, ko na Hershey a Pennsylvania cikin watan Satumba, zai ga samfura birjik masu sunaye iri-iri, su Montana da Solitude da North Point da Cedar Creek, har ya ɗauka zaɓin ba shi da iyaka. Amma idan ya lura da haruffan da ke ƙarshen lambar kowane samfuri, zai gane tsari biyar ne ko shida ake ta jujjuyawa: RL na nufin falo a baya, FL falo a gaba, RK kicin a baya, MB ƙaramin ɗaki a tsakiya, BH ɗakin gadajen yara, sai kuma mai gareji. Lambar da ke gaban haruffan ba ita ce ainihin tsawon gidan ba, sau da yawa gidan ya fi ta da ƙafa biyu ko fiye, don haka a nemi tsawon a takardar bayani, ko a auna da tef.

A wurin baje koli ana nuna gida ne a halinsa mafi kyau, aljihunsa duka a buɗe, fitilu a kunne, babu tukunya ko ɗaya a kicin, babu takalmi a bakin ƙofa. Wanda zai zauna a ciki kuwa zai haɗu da shi a ranar tashi, aljihu a rufe, da kuma makon da ruwa zai tsare kowa a ciki. Saboda haka tambayar da ta kamata ta riga kowace tambaya ita ce sau nawa za a ɗaura gidan a mota cikin shekara. Akwai masu yin hunturu a Arizona ko Florida ko kwarin Rio Grande na kudancin Texas, su koma arewa da bazara, waɗanda tashinsu bai wuce sau biyu ko uku a shekara ba. Akwai ma'aikatan jinya masu bin kwangila daga asibiti zuwa asibiti, wadda galibi ta mako 13 ce. Akwai kuma masu sauya zango duk mako ɗaya ko biyu. Gidan da zai wadatar da na farko zai iya zame wa na ƙarshe ƙarfen ƙafa, kuma tun ran gini ake zane, domin tsarin ɗakuna ba abin da ake gyarawa ba ne bayan an saya.

Tsarin falon baya shi ya fi yawa a kasuwa, kuma da shi ake gwada sauran. Ɗakin kwana da banɗaki suna bene, kicin yana tsakiya daidai saman tayoyi, falo yana ƙarshen gida, da doguwar kujera a ƙarƙashin babbar tagar baya, da kujerun hutawa biyu a aljihu ɗaya suna fuskantar talabijin da ke ɗaya aljihun. Falon yana samun haske ta fuska uku, kuma da yake a zanguna da yawa da baya ake shigar da gida, bayansa ne yake kallon tafki ko daji, goshinsa kuma yana kallon titi da motocin maƙwabta. Firji da murhu da kayan abinci suna zaune inda girgizar hanya ta fi sauƙi. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci a wurina shi ne, ana samun wannan tsari cikakke a tsawon ƙafa 32 zuwa 36, da aljihu uku kawai, alhali sauran tsare-tsaren da zan ambata yawancinsu sai sun kai ƙafa 40. Rauninsa kuma a fili yake, domin ƙasan gidan duka ɗaki ɗaya ne: mai girki da mai kallo da mai aiki a kwamfuta suna shaƙar iska ɗaya, suna jin ƙarar juna, babu ƙofar da za a rufe sai ta ɗakin kwana. Teburin cin abinci shi ne ofis, a kwashe kwamfuta kafin kowane cin abinci. Baƙon da ya kwana a kujerar falo dole ya hau bene cikin dare ya shiga banɗakin da ke manne da ɗakin masu gida. Ga miji da mata kawai, masu yawan tashi, ban ga tsarin da ya kai shi ba. Da zarar an zama uku, ƙuncinsa zai fara bayyana.

Falon gaba ya juya wannan tsari gaba ɗaya. An ɗauke falo an kai shi bene, inda kujeru biyu dogaye suke fuskantar juna a aljihu biyu, ta uku kuma tana fuskantar talabijin, kicin ya mallaki tsakiyar gida shi kaɗai, ɗakin kwana ya koma can baya, yawanci shi ma a ɗage, da wani makeken sito a ƙarƙashinsa. Wanda ya fara shiga irin wannan gida nan da nan yake ƙyasawa, kuma yana da hujja, domin shi kaɗai ne yake ba da falo mai zaman kansa wanda mutum shida ko bakwai za su zauna su yi hira fuska da fuska. Ga iyalin da suka saba karɓar baƙi, kuma suke son mai ziyara ya zauna ba tare da ya kusanci ɗakin kwana ba, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne: falo yana wannan ƙarshe, ɗaki yana wancan, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan gidaje suna da ƙaramin makewayi na biyu a tsakiya, wanda baƙo zai shiga ba tare da ya ratsa ɗakin kowa ba. Sai dai ƙofar shiga tana ɓangaren kicin ne, don haka mai zuwa falo zai gifta ta wajen mai girki.

Farashin wannan jin daɗi kuwa yana da yawa. Gidan yakan kai ƙafa 40 zuwa 43, da aljihu biyar ko shida, kuma kowane aljihu yana da injinsa da robar da ke tare ruwa a gefensa, waɗanda suke tsufa su nemi gyara. Rufin bene ya fi na ƙasa kusa da kai, zafi kuma sama yake hawa, idan aka haɗa da babban gilashin da ake sawa a goshin wasu samfura, falon yakan zama wuri mafi zafi a gidan da rana a jihohin kudu. Matakala ta zama ta gaba da baya, ana hawa ana sauka duk yini, abin da mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa tun makon farko. Tagogin falon kuma titi suke kallo a zangon da ake shiga da baya. Sitonsa na baya, wanda dillalai suke alfahari da shi, yana bayan aksul ne, kuma duk kayan nauyin da aka jibga a nan suna rage nauyin da ke kan turke, suna taɓa natsuwar gidan a kan hanya. A ganina wannan gida na wanda zai sauka wuri ɗaya ya yi wata uku ko shida ne, kuma yake da motar da za ta ja shi ba tare da nishi ba.

Kicin baya ba ya samun yabon da ya cancanta. Da yake kicin ɗin ya mamaye bangon baya duka, yana ba da filin yanka da kwaɓi da ajiye tukwane fiye da na kowane tsari mai irin tsawonsa, mai girki kuma yana can kusurwarsa, ba a kan hanyar masu shiga da fita ba. Gidan da ake tuƙa tuwo, a soya albasa da attarugu kullum, zai san amfanin wannan, muddin an tabbatar na'urar zuƙe hayaƙin da ke saman murhu waje take fitar da shi, domin wasu maimaita iskar kawai suke yi a cikin ɗaki. Aibinsa shi ne wutsiyar tirela ta fi ko'ina tsalle idan an faɗa rami, don haka tangaran da kwalabe sai an ɗaure su ko an sauya su da na roba, kuma a wasu samfura aljihun da aka rufe yakan toshe hanyar zuwa firji gaba ɗaya.

Idan akwai yara, ko akwai mai aiki ta intanet kullum, zaɓin yana tsakanin ɗakin tsakiya da ɗakin gadaje na baya, kuma mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya alhali sun bambanta ƙwarai. Ɗakin tsakiya ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa da aka tsuke tsakanin kicin da matakalar bene, a cikinsa akwai kujerar da ke zama gado, wani lokaci da gado mai naɗewa a samanta, da wurin tebur a bango, sannan a saman rufinsa galibi akwai wani loko na kwana da ake hawa da tsani. Falon baya yana nan yadda yake, da tagoginsa da faɗinsa. Ɗakin gadaje na baya kuwa yana cinye wutsiyar gidan duka, ya ba yara gadaje uku ko huɗu, sau da yawa da nasu makewayin da tasu ƙofar fita waje, amma sai falo ya koma ya matse da kicin a tsakiya, kujera ɗaya a gefe, talabijin a karkace. Ma'ana, a na farko manya ne suka riƙe wurin da ya fi kyau, a na biyu an miƙa shi ga yara. Mai yara uku ko huɗu ƙanana ba shi da zaɓi sai na baya. Mai yaro ɗaya ko biyu, ko mai buƙatar ofishin da zai rufe ƙofa ya yi taro ta bidiyo, ɗakin tsakiya ya fi masa, kuma zai ci gaba da amfani ko bayan yaran sun girma sun tafi, domin yana komawa ofis ko ɗakin baƙo ba tare da an taɓa komai ba.

Akwai abubuwa biyu da iyaye suke mantawa a nan. Yara suna girma cikin shekarun da ake biyan bashin gidan, kuma kowane gadon sama yana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikinsa da iyakar tsawo, don haka a auna da yaron da zai zama nan da shekara uku. Iyalin da suke da namiji da mace, kuma suke son raba musu shimfiɗa idan sun kai shekara goma, za su ga ɗakin tsakiya da lokon samansa ya ba su wuri biyu a rarrabe, ko da yake lokon ba a iya zama a miƙe a cikinsa, kuma yana da zafi idan babu bututun sanyi da ke kaiwa gare shi. Abu na biyu shi ne jihohi da yawa sun hana mutum ya zauna a cikin tirela tana tafiya, inda ba a hana ba ma hatsari ne, kuma a-kori-kura mai ƙofa huɗu mutum biyar ko shida take ɗauka. Gidan da aka ce yana kwantar da mutum goma ba zai tafi da su ba sai da mota ta biyu.

Mai gareji an ƙera shi ne don masu babura da ƙananan motocin daji: bayansa fili ne fayau mai tsawon ƙafa 10 zuwa sama, bangon baya ƙofa ce da ke saukowa ta zama gangare, a wasu kuma ta zama baranda. Masu dogon zama da yawa suna mayar da garejin ofis ko ɗakin yara, domin shi ne kaɗai ɗakin da mutum zai tsara yadda yake so. Amma irin wannan gida ya fi sauran nauyi, manyansa aksul uku gare su, wato taya shida da za a riƙa sauyawa, garejin ba ya riƙe sanyi ko ɗumi kamar sauran ɗakuna, kuma da yake an gina shi da tsammanin kaya masu nauyi a baya, idan garejin ba kome turkensa yana danne mota sosai. Wanda ba shi da abin da zai tura ta wannan gangare, ɗakin tsakiya zai biya masa buƙata da ƙarancin wahala.

Duk wannan kwatance ba zai yi amfani ba idan motar ba za ta iya ɗaukar gidan ba, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin mutane suna duba nauyin da mota za ta iya ja su manta da nauyin da za ta iya ɗauka a bayanta. Kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin gidan yana sauka ne a kan turke, wato a kan bodin motar kai tsaye. A ɗauki misalin gidan da iyakar nauyinsa da kaya ya kai laba 16,000, kimanin kilo 7,250, wanda ba baƙon adadi ba ne ga falon gaba ko ɗakin tsakiya. Kashi 20 nasa laba 3,200 ne. A ƙara nauyin farantin mahaɗi, da direba da iyalinsa, da duk abin da ke cikin motar, sai a ga an doshi laba 4,000. Yanzu a buɗe ƙofar direba a karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya na wannan mota ita kanta. Yawancin motocin dizal masu ajin Ford F-250 ko Ram 2500 ko Silverado 2500HD ba su kai wannan adadi ba, dole a haura zuwa ajin F-350 ko 3500, ga gidaje mafi nauyi kuma sai mai taya biyu-biyu a baya. Ita kuma wannan mota da ita za a je kasuwa da asibiti da masallaci kullum, a nemi inda za a ajiye ta. Motar da bodinta gajere ne, mai ƙafa 6 da rabi ko kusa da haka, tana iya buƙatar mahaɗi mai zamewa don kada goshin gidan ya fasa gilashin baya a kwana mai tsanani. Wasu jihohi ma lasisi na daban suke nema: a Kalifoniya idan iyakar nauyin gidan ta wuce laba 15,000, a Texas kuma idan jimillar mota da gida ta kai laba 26,001 kuma gidan ya wuce 10,000.

Shi ma gidan yana da tasa takardar da ke faɗin nauyin kayan da zai iya ɗauka, kuma abin mamaki shi ne gida mafi girma ba lallai ya fi ɗaukar kaya ba, domin aljihu da katako da firjin gida sun riga sun cinye rabon aksul. Ruwa kaɗai, idan tankin galan 75 ne, ya kai laba 625, wato kilo 284. Injin wanki, da batura, da faifan sola, da janareta, da buhun shinkafa, da tufafin hunturu da na bazara, duk daga wannan rabo za a cire su. Ga mai dogon zama, gidan da rabonsa bai kai laba 3,000 ba zai sa shi ƙididdige kowace tukunya.

Tsawo yana yanke hukunci a kan inda za a iya kwana. Zangunan 'yan kasuwa na zamani suna karɓar ƙafa 45 ba matsala, amma zangunan gandun daji na gwamnati da yawa an shata su ne tun kafin a fara ƙera irin waɗannan manyan gidaje. A kwarin Yosemite iyakar tirela ƙafa 35 ce, kuma wuraren da suka kai haka ƙalilan ne. A Yellowstone zango ɗaya ne kawai, Fishing Bridge, yake da wuta da ruwa da magudanar bahaya a kowane wuri. Hanyar da ta ratsa cikin dutse a gandun Zion ba ta karɓar manyan gidajen nan, waɗanda tsayinsu daga ƙasa zuwa rufi yake kai ƙafa 13 da 'yan inci, dab da iyakar ƙafa 13 da rabi da jihohin gabas da yawa suka sa, inda kuma tsofaffin gadoji masu ƙasa-ƙasa suka fi yawa. Wanda burinsa ya kwana a cikin waɗannan wurare, ƙafa 35 zuwa ƙasa ita ce iyakarsa, kuma wannan kaɗai ya fitar da falon gaba da yawancin masu ɗakin tsakiya daga lissafinsa. Haka nan mai son sauka kyauta a filayen gwamnatin tarayya na yamma, inda galibi kwana 14 ake yarda a yi a wuri ɗaya, ko a hamadar Quartzsite ta Arizona inda ake ba da izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, girman tankunan ruwa da nau'in firji sun fi masa girman falo muhimmanci, domin firjin gida mai wutar lantarki zalla yana buƙatar inbata da batura dare da rana. A zango mai wuta ma, gida mai na'urar sanyaya ɗaki biyu ko uku yana son layin amp 50, mai ba da wat 12,000, na amp 30 kuwa wat 3,600 kawai yake bayarwa.

A bene, a duba ko gadon yana cikin aljihu a gicciye, domin hakan ne yake barin goshin gidan ya zama kabad mai faɗi da wurin injin wanki, kuma a tabbatar ana iya zagaya gadon ta gefe biyu. Babban gadon da ake sawa a nan faɗinsa inci 72 ne, wanda ke bi masa inci 60, kuma waɗannan inci 12 daga hanyar wucewa ake cire su. Banɗaki kuwa yana buƙatar kulawa ta musamman ga wanda ya saba da buta da alwala sau biyar a rana. Daɓen banɗakin nan ba shi da magudana, katako ne a ƙarƙashin ledar, ruwan da ya saba zuba a kai zai ruɓar da shi a hankali, saboda haka wurin wanka mai faɗi, mai ɗan benci da za a zauna a wanke ƙafa, ya fi kwanon wanke hannu biyu da ake tallatawa amfani nesa ba kusa ba. Ruwan buta ba ya cutar da tankin bahaya, yana ma taimaka masa, sai dai yana cika shi da wuri, kuma gida mai makewayi biyu galibi tankin bahaya biyu gare shi da za a riƙa zubarwa.

Wurin salla shi ma tsarin ɗakuna ne yake bayar da shi ko ya hana. Daga yawancin Amurka alƙibla tana arewa maso gabas, amma gidan yana fuskantar wata sabuwar nahiya a kowane zango, don haka abin da ake buƙata fili ne da darduma za ta shimfiɗu ta kowace fuska. Falon baya da falon gaba suna da irin wannan fili tsakanin aljihunsu biyu masu fuskantar juna, wanda zai ɗauki mutum biyu ko uku. A gida mai ɗakin gadaje na baya, musamman idan an dasa teburin girki a tsakiyar kicin, abin da ya rage siririyar hanya ce mai fuska ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin a sa hannu a kowace takarda a roƙi dillali ya rufe aljihun gidan duka, sannan a shiga. A gwada isa banɗaki, a gwada buɗe firji, a ga ko za a iya hawa gado, domin haka gidan zai kasance a duk tsayawar da za a yi a bakin hanya, da kuma daren da aka kwana a wurin da ba a yarda a buɗe aljihu ba. A gidaje da yawa masu teburin girki a tsakiya, aljihun biyu suna haɗuwa da teburin su rufe hanyar falo ruf. Bayan an sake buɗewa, a zauna awa ɗaya cur da duk waɗanda za su zauna a gidan: wani ya tsaya a murhu kamar yana girki, wani ya wuce ta bayansa, a buɗe ƙofar firji a ga ko ta tare hanya, a zauna a kan masai a rufe ƙofa, mafi tsayi a gidan ya shiga wurin wanka ya ɗaga hannu, a shimfiɗa darduma a gicciye. A karanta takardar garanti a ga abin da ta ce game da mayar da gidan mazaunin dindindin, domin kamfanoni sun sha bamban a kan wannan. Idan an saya an loda kaya, tafiyar farko ta zama zuwa sikelin manyan motoci na CAT da ke gidajen man direbobin tirela, a auna mota da gida tare, a sauke gidan a sake auna motar ita kaɗai, bambancin da aka samu a kan aksulolin motar shi ne ainihin nauyin da ke kan turke.